Ɗalibin kwamfuta, wa ya rubuta maka firojet?



Ranar Talatar da ta wuce, bayan mun idar da sallar La'asar, wani matashi da na saba gani a sahun gaba ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya zauna gabana. Ɗalibi ne ɗan aji huɗu, yana karanta kimiyyar kwamfuta a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma kunya nake ji." Na ce masa ai babu kunya a neman sanin hukunci.

Sai ya ce lokacin aikin kammala digiri ya zo, wanda suke kira firojet, kuma an ba shi aikin haɗa manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ta ƙaramin asibiti. Shi kuwa, tsakaninsa da Allah, bai iya ba. A bakin ƙofar makaranta akwai shagunan da za ka biya su ba ka manhajar a haɗe, da rubutun babi biyar ɗin gaba ɗaya, su cire sunan wani su sa naka, har su biya maka abin da za ka faɗa ranar da za ka kare aikin gaban malamai. Ya ce, "Malam, wallahi da yawa cikin 'yan ajinmu haka za su yi. Kuɗina zan biya, mai shagon ya yarda, ban ƙwace hakkin kowa ba. To ina haramcin yake?"

Na nemi izininsa in rubuta wannan magana ba tare da ambaton sunansa ko makarantarsa ba, ya amince. Na rubuta ne domin na san akwai irinsa da yawa cikin masu bibiyar shafin nan, maza da mata, kuma tambayar tasa ta fi ƙarfin a amsa ta da kalma ɗaya.

Kafin komai, akwai iyayen da har yanzu suke kallon karatun kwamfuta a matsayin karatun 'yan damfara, ko wasan yara da waya. Wannan kuskure ne. Imam Algazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, wato ilimin da idan aka rasa mai shi a gari to kowa ya ɗauki laifi. Har ya koka kan yadda za ka tarar da gari cike da masu fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Tun kafin shi, Annabi (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa rubuta masa wasiƙu yana karanta masa waɗanda aka aiko, saboda yana buƙatar wanda ya amince da shi a kan saƙonninsa. Zaidu ya koya cikin kimanin rabin wata. Ita kanta kalmar algoridim da ɗaliban kwamfuta suke ji tun aji ɗaya, daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya ware babban sashe na littafinsa na aljabara ga lissafin wasiyya da gado.

Yau kuwa duba rayuwarmu. Kuɗinka na banki yana rataye da lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014. Layin wayarka yana rataye da NIN. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Albashin ma'aikaci, sakamakon ɗalibi, rajistar maniyyaci, cinikin mai POS a bakin kasuwa, duk wasu mutane ne suka zauna suka rubuta umarnin da ke tafiyar da su. Al'ummar da ba ta da nata masu wannan ilimi, sai dai ta miƙa makullan gidanta ga wasu. Don haka yaron da ya shiga wannan fanni da kyakkyawar niyya yana cikin masu sauke mana farilla, kuma ina fata Allah Ya ba shi lada a kan kowane dare da ya raba yana fama da kod ɗin da ya ƙi aiki.

To amma fa farillar ba ta sauka da yawan masu riƙe da takarda. Sai an sami waɗanda suka iya.

Ban raina uzurin wannan ƙane nawa ba, kuma ba na son kowa ya raina. Ya gaya mini sai da ya kai aji uku kafin ya mallaki laftof, shi ma na hannu ne, batirinsa ba ya awa ɗaya, ga wuta sai ta ga dama. Ya ce akwai kwas ɗin da aka koya musu rubuta kod a kan allo, suka rubuta jarabawarsa da biro a takarda, ba su taɓa ganin ya yi aiki a kan na'ura ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya sa an riƙa matse karatun zango guda cikin 'yan makonni bayan an koma. Wata shida na koyon aiki a waje, wanda suke kira SIWES, ya ƙare su ne yana ɗaukar hoton takardu a wani ofis. Duk wannan na yarda da shi, kuma mai hukunta yaron nan ba tare da ya dubi waɗannan ba bai yi masa adalci ba. Sai dai uzuri yana rage girman zargi ne, ba ya canza sunan aikin da za a yi.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce: ciniki ne tsakanin mutum biyu da suka yarda, babu wanda aka cuta. Na ce masa, "Ƙanena, ka ƙirga mutum biyu, ka manta na uku, kuma shi ne ba a shawarta ba."

Lokacin da muke jami'a muna karatun Larabci, wani abu ya taɓa tsaya mini a rai. Takardar digiri a Larabce shahada ake kiranta, kalma ɗaya da wadda ake kiran shaidar da mutum yake bayarwa gaban alƙali. Mu ma a Hausa takardar shaida muke cewa. Ma'anarta ita ce jami'a ta tsaya gaban duniya tana cewa: na gwada wane, na same shi ya iya kaza da kaza. Mai asibiti ko manajan banki da zai ɗauke ka aiki bai zauna ajinku ba, bai ga jarabawarka ba, shaidar nan kawai yake da ita. Idan ka sayi firojet ka sa sunanka, ka sa malamanka sun sa hannu kan abin da ba haka yake ba. Galibi ma a shafukan farko akwai inda ɗalibi yake sa hannu da kansa cewa aikin nasa ne. Shaidar zur kuwa kowa ya san matsayinta. A hadisin Abu Bakrata da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yake lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kanta sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Wani zai ce, Malam, ai wannan tsanani ne, firojet ɗaya ne fa cikin kwasa-kwasai masu yawa. To mu ɗauki firojet ɗin nasa mu duba me ake so ya nuna. A darasin rumbun bayanai ana koya wa ɗalibi cewa ba a bambance mutane da suna, kowane mutum sai an ba shi lambarsa da ba ta maimaituwa. A unguwarmu kaɗai mata nawa ne suke amsa sunan Aisha Muhammad? Idan manhajar asibiti ta cakuɗa fayil ɗin biyu daga cikinsu, rukunin jinin wannan daban, na waccan daban, ranar da za a yi wa ɗaya ƙarin jini me zai faru? Ana koya masa cewa ba a ajiye kalmar sirrin mutane a rubuce yadda take, sai an bi da ita ta wani lissafi da ke juya ta zuwa jerin haruffa da lambobin da ba a iya mayarwa, shi ake ajiyewa, domin ko an sace rumbun ɓarawo bai sami kalmomin ba. Ana koya masa cewa idan bai tace abin da mutum ya rubuta a gurbin suna ba, mai kutse zai iya rubuta umarni a wannan gurbin, rumbun ya ɗauka daga mai gida ne, ya zazzage masa duk abin da ke ciki: wa ke da ciwon hanta, wa ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wace budurwa ce aka yi wa gwajin ciki. Ana koya masa ajiye kwafi a wani wuri daban, domin ranar da na'ura ta ƙone kada tarihin marasa lafiya na shekaru ya tafi da ita. A darasin algoridim ana nuna masa cewa neman suna ɗaya cikin sunaye miliyan da aka jera bisa tsari, idan ana raba jerin biyu kowane mataki, kimanin mataki 20 ya isa, alhali mai bi ɗaya bayan ɗaya zai iya yin mataki miliyan. Firojet shi ne wurin da ake so a ga duk waɗannan sun haɗu a hannun mutum ɗaya. Wanda ya saya, ya karɓi shaidar cewa ya san su alhali bai sani ba, kuma mutum na ukun da na ce an manta shi ne matar nan da ke kwance tana jiran jini.

Akwai abin da ya sa wannan sana'a ta fi wasu buƙatar gaskiya. Idan tela ya ɓata maka ɗinki, kana sa rigar za ka gani. Idan magini ya karkatar da bango, ko yaro zai nuna maka. Amma aikin mai rubuta manhaja a ɓoye yake. Mai amfani da ita allo kawai yake gani mai kyawawan launuka, abin da ke ƙarƙashi sai mai shi da Allah. Wannan ya tuna mini hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, lokacin da Annabi (SAW) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Shi tulin hatsi ko ba komai ana iya cusa hannu a ciki. Tulin kod kuwa mutum nawa ne cikinmu zai iya?

Ba labarin shaci-faɗi nake ba ku ba. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin motoci na Volkswagen ya sanya wata manhaja a motocinsa masu amfani da dizal, wadda take gane lokacin da ake gwada motar a ɗakin gwaji. Idan ta gane gwaji ake yi sai ta rage gurɓataccen hayaƙin da injin ke fitarwa, idan an hau titi sai ta saki, har wani nau'in hayaƙin yakan kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da kansa ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya. Ka ga busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, sak. Kuma ba jahilai ne suka rubuta ta ba, injiniyoyi ne ƙwararru. Ɗaya daga cikinsu, James Liang, kotun Amurka ta ɗaure shi wata 40 a 2017. Cewa "umarni aka ba ni" bai cece shi a kotun duniya ba.

A Birtaniya kuma, hukumar gidan waya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999. Manhajar tana da kurakurai, takan nuna cewa kuɗi sun yi ɓatan dabo a reshe alhali ba su ɓata ba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassan gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata ko almundahana. An ɗaure wasu, wasu sun sayar da gidajensu don biyan bashin da ba su ci ba, wasu sun mutu kafin a wanke su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da kurakuran, a 2024 majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Kowace manhaja tana iya samun kuskure, wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Musibar ita ce an sami waɗanda suka san akwai matsala suka yi shiru, aka bar na'ura tana ba da shaidar zur a kan bayin Allah shekara da shekaru. Ni dai ban yarda mutum yana kwana ya tashi da irin wannan shirun ba. Tun yana ƙarami yake koyon kau da kai, a kan abubuwan da yake ganin ba su kai a damu ba.

Da na kai nan sai ya kawo wata hujja, kuma hujja ce mai kyau. Ya ce, "Malam, a fanninmu kowa kwafa yake yi. Manyan ƙwararru ma ba sa rubuta komai daga tushe, suna ɗauko abin da wasu suka rubuta. Ga kuma ChatGPT, minti ɗaya ya rubuta maka abin da za ka yi mako kana fama. Shi ma haramun ne?"

Gaskiya ya faɗa. Akwai manhajoji da yawa da masu su suka sake su kyauta kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani, bisa sharuɗɗan da suka rubuta. Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki, yau a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin mafi yawanmu. Ɗauko daga irin wannan ba sata ba ce. Mu ma a karatun addini haka muke. Babu malamin da ya ƙirƙiro fiƙihu daga kansa, kowa naƙali yake yi daga magabata. Sai dai malaman hadisi sun raba tsakanin naƙali da abin da suka kira tadlisi, wato mai ruwaya ya yi amfani da lafazin da zai sa a zaci ya ji hadisi kai tsaye daga wani malami alhali ta hanyar wani ya same shi. Hadisin yana iya zama ingantacce a kan kansa, amma duk da haka sun aibata aikin, sun rubuta littattafai na musamman suna lissafa sunayen masu yin sa, saboda ɓoye inda ka samo abu yana ɓata amincin da ilimi gaba ɗaya ya dogara a kai.

Saboda haka na ce ya riƙa yi wa kansa tambaya duk lokacin da zai ɗauko wani abu. Shin mai abin ya yarda a ɗauka, kuma dokar makaranta da malamin kwas ɗin sun yarda? Domin Musulmi yana kan sharaɗin da ya shiga, kuma ranar da ka yi rajista ka shiga sharaɗi. Shin ka faɗi a fili cewa wannan ɓangaren daga wuri kaza ka samo? Sannan wadda ta fi muhimmanci: idan aka nuna maka layi ɗaya aka ce me yake yi, me zai faru idan aka cire shi, za ka iya amsawa? Lokacin da nake koyon nahawu, buɗe ƙamus in duba kalma bai taɓa zama laifi ba. Amma da na ba wani ya yi mini i'irabin da aka ba ni aikin gida, da yau idan na hau mimbari zan riƙa ɗaga abin da ya kamata a saukar, ma'ana ta juye ban sani ba. Haka ƙirƙirarriyar basira take. Ka tambaye ta ta yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, ta nuna maka inda kod ɗinka ya karye, wannan malami ka samu da ba ya gajiya, ka gode wa Allah. Amma fa tana kuskure, kuma cikin gadara take yin sa, ba ta nuna alamar shakka. Wanda ya iya shi ne zai kama ta. Wanda bai iya ba zai kwashe kuskuren da hannu biyu ya kai wa mai asibiti.

Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ni fa Malam ba lallai in yi aikin kwamfuta ba. Takardar kawai nake so, ko aikin gwamnati in samu." Wannan magana ta fi sauran ba ni tausayi, domin ita ce gaskiyar halin da matasanmu da yawa suke ciki. Amma takarda ba ta zuwa da rubutun cewa mai wannan ba zai taɓa kwamfuta ba. Ranar da aka kai ka ma'aikata, ko lokacin bautar ƙasa aka tura ka makaranta, da an ga digirinka za a ce ga masanin kwamfuta ya zo. Kai za a ba ajin yara, kai za a ba rajistar albashi. Kuma gurbin da ka shiga, akwai wani da ya yi karatun da gaske da aka bari a waje. Shi ma mutum na uku ne.

Game da albashin wanda ya riga ya sami aiki da irin wannan takarda, malaman zamani sun yi saɓani. Wasu sun tsananta saboda an gina aikin kan ha'inci. Wasu da yawa sun ce ya tuba tuba na gaskiya, kuma idan yana iya aikin yana yin sa yadda ya kamata, to albashinsa ladan aikinsa ne. Ba na son wanda ya riga ya faɗa ya yanke ƙauna. Ya tuba, ya koma ya koyi abin da ya tsallake, har ranar da takardar za ta zama gaskiya a kansa. Amma wanda bai riga ya aikata ba, kada ya shiga da niyyar zai tuba daga baya.

Kuma ku lura, digirin nan ƙofa ce ta amanar da ta fi firojet girma nesa ba kusa ba. Gobe kai ne za ka riƙe kalmar sirrin da ke buɗe komai a wurin aikinka. Za ka iya ganin kuɗin asusun maƙwabcinka, da saƙonnin abokin aikinka, da sakamakon gwajin yarinyar da ƙaninka yake nema, kuma babu wanda zai san ka duba. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka ba ta zama da kai a ofis ƙarfe goma na dare. A Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, siffa biyu ta ambata, ƙarfi da amana. A Suratu Yusuf, da Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya ambata. Jami'a tana iya gwada ƙarfinka da saninka ta ba ka maki. Amana kuwa babu kwas ɗinta, a irin wannan ranar ake koyonta, ranar da saye ya fi sauƙi kuma babu mai gani.

Ba ɗalibi kaɗai nake wa magana ba. Kai mai shagon da kake sayar da firojet, na san kana da iyali, kuma na san yawancinku kun iya aikin sosai. Amma kuɗin nan na taimakekeniya ne a kan saɓo. Da ka buɗe aji kana koya wa yaran nan kana karɓar kuɗin koyarwa, da ka ci halal kuma ka bar baya mai kyau. Kai malamin da kake sa hannu kan aikin da ba ka buɗe ba, ko ka gane saye aka yi ka kau da kai don ɗalibai sun yi maka yawa, sa hannunka shi ne shaidar, kuma za a tambaye ka. Na san akwai malamai masu tsoron Allah da suke zama da ɗalibi layi bayan layi duk da ƙarancin albashi, Allah Ya saka musu da alheri. Ku kuma iyaye, idan yaro ya ce a ba shi kuɗin firojet, ku tambaye shi na mene ne. Buga takardu da ɗaure su da sayen data daban, sayen aikin daban. Kuma uban da ya iya yi wa ɗa hidimar biki, ya daure ya saya masa laftof tun aji ɗaya.

Abin da na ba shi shawara a ƙarshe ba mai daɗi ba ne. Na ce ya je wurin malamin da ke duba aikinsa ya faɗa masa gaskiya: ban iya wannan ba yadda aka tsara shi, a rage mini. Maimakon manhajar asibiti gaba ɗaya, ya haɗa ɓangaren rajistar marasa lafiya kaɗai, kowa da lambarsa, da binciko fayil, da kalmar sirri da aka ajiye yadda ya dace. Ƙarami, amma nasa, wanda ya san kowane layi a cikinsa. Yana da 'yan watanni. Na ce ya nemi biyu ko uku cikin abokansa da suka iya, su riƙa zama bayan Isha'i, su koya masa, kada su yi masa. Darussan Python da na rumbun bayanai suna nan kyauta a intanet, datar da ke tafiya a kallon ƙwallo ta isa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma shi tafiyarsa da saura.

Ya ce, "Malam, idan na yi haka wataƙila C zan samu, waɗanda suka saya su sami A. Wataƙila ma in ƙara shekara." Na ce haka ne, yana iya faruwa, ba zan yi maka alƙawarin abin da ba na iko da shi ba. Ba kullum ne mai gaskiya yake ganin sakamakonta a allon sanarwa ba, kuma zai yi maka ciwo ranar da ka ga sunayensu a samanka. Abin da na sani shi ne za ka fita da takardar da ba ta yi ƙarya a kanka ba, kuma ranar da aka zaunar da kai gaban na'ura aka ce nuna mana, ba za ka yi gumi ba. Arziƙi kuwa ba maki ne yake rabawa ba, Allah ne.

Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce ranar Litinin zai je ya ga malamin nasa, in sa shi a addu'a. Ina roƙon ku ma ku sa shi, shi da duk ɗalibanmu da suke tsaye a wannan mararraba a wannan zangon.

Allah Ya ba 'ya'yanmu da ƙannenmu ilimi mai amfani, Ya sanya su cikin masu ƙarfi amintattu, Ya tsare mu daga cin amana a fili da ɓoye, Ya yafe mana abin da ya wuce. Wanda ya san ɗalibin da wannan magana za ta amfana, ya tura masa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.